Takalmi Da Tafiyar Ɗan Adam: Abin Lura Daga Goron Dutse

Duwatsu biyu ne a cikin ganuwar birnin Kano, Dala da Goron Dutse, kuma duk wanda ya taɓa hawa ɗayansu ya san saukowa ta fi hawa wuya. Wajen hawa numfashi ne ke ƙarewa, wajen saukowa kuwa gwiwa ce ke kuka. Gefen Goron Dutse jar marmara ce da tsakuwa mai zamewa ƙarƙashin sawu, saboda haka nan da nan ta kan tona asirin abin da mutum ya sa a ƙafarsa. Yaron unguwa mai fade ya kan sauko kamar ɗan akuya, yatsunsa na kama ƙasa. Malamin ofis kuwa, mai sau-ciki da dunduniya inci guda da ƙasa mai santsi, sai ka gan shi yana saukowa a karkace yana neman abin dafawa. A kan ce ai ƙuruciya ce, jikin yaro da sauƙi. Haka ne, amma takalmin ma da nasa rabo a ciki.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan magana shi ne, mu da ke aikin horon malamai mu kan zaga makarantu duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, kuma kusan ko'ina mu kan tarad da abu ɗaya. Da safe a kan jera yara a duba farce da haƙori da gashin kai da tsabtar riga. In an zo kan takalmi, tambaya biyu ce kawai: baƙi ne ko ja, an goge ko ba a goge ba. Da wuya ka ga malamin da ya sunkuya ya latsa bakin takalmin ya ji inda yatsan yaro ya tsaya. Alhali kuwa a cikin wannan takalmi ƙafar yaron za ta yi sa'a shida ko bakwai kullum, a shekarun da ƙasusuwanta ba su gama ƙosawa ba.

Yadda Aka Gina Ƙafa

Kafin mu yi wa takalmi hukunci ya kamata mu san abin da a ke zurawa a cikinsa. A ƙafa guda, daga idon sawu zuwa kan yatsu, akwai ƙashi 26 da gaɓa 33. Ƙafa biyu ke nan ƙashi 52, watau kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Ba a tara gaɓoɓi masu yawa haka a wuri ɗaya ba sai don wurin ya riƙa motsi.

Tsakiyar tafin ƙafa a lanƙwashe ta ke kamar bakan maharbi, kuma tana da tsirkiyarta, wata jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Sa'ad da mutum ya aza dunduniya a ƙasa, bakan ya kan ɗan buɗe, ƙafar ta yi laushi ta karɓi nauyi ta bi siffar abin da ta taka, ko tsakuwa ce ko rairayi. Sa'an nan nauyin ya gangara gaba, dunduniya ta ɗaga, babban yatsa ya lanƙwashe sama. Lanƙwasawar nan ita ke ɗaure tsirkiyar, bakan ya tashi, ƙafar da ɗazu ta ke da laushi ta koma ƙyam kamar sanda, mutum ya tunkuɗa ƙasa da ita ya ci gaba. Wani likitan Ingila mai suna J. H. Hicks shi ya bayyana wannan aiki dalla-dalla a 1954. Duk wannan yana faruwa ne cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sau dubbai a yini.

To, in an hana babban yatsa lanƙwashewa, ko aka ture shi gefe, ko aka ɗaga dunduniya tun kafin a taka, aikin da ƙafa ta kasa ba ya ɓacewa. Sama ya ke hawa, idon sawu ya ɗauka, gwiwa ta ɗauka, kwatangwalo da ƙugu su ɗauki saura. Ita gwiwa kuwa da ma kayanta ya isa. A 2010 wasu likitoci a Berlin ta Jamus sun auna nauyin da ke sauka a gwiwa ta wurin mutanen da aka sa wa gwiwar ƙarfe mai na'urar awo a ciki. Suka tarar a tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gwiwa na ɗaukar wajen ninki biyu da rabi na nauyin jiki, wajen hawan bene ya zarce ninki uku, wajen saukowa kuwa ya kusa uku da rabi. Ga dalilin kukan gwiwa a gangaren Goron Dutse.

Takalmin Kakanninmu

Kano ba baƙuwar takalmi ba ce, balle a ce Turawa suka koya mana. Tarihin Kano ya lissafa takalman gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya soma, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a 1550, ya ambaci dukawan Gobir masu ɗinka takalma ana kai su Tambutu da Gawo. Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya ce in an ɗebe tufafi ba kayan sana'ar birnin da ke cin kasuwa mai nisa kamar takalma. Ya ƙiyasta cinikinsu a shekara kan wuri miliyan 10, ya ce mafi kyawunsu, mai suna taka-saraki, wuri 200 a ke sayad da shi. Har ma ya yi mamakin yadda Larabawa mazauna Kano ke ɗinka takalma da fatar ƙasar nan ana hayewa da su Sahara zuwa Afirka ta Arewa.

Abin lura a nan shi ne fasalin fade, ba cinikinsa ba. Ƙasansa shimfiɗe ya ke, dunduniya da yatsu a kan layi ɗaya. Gabansa ya fi bayansa faɗi, yadda ƙafa ta ke. Yatsu a sake su ke, iska na ratsa su. Fatar da majemi ya jeme da bagaruwa tana lanƙwashewa daidai inda yatsu ke lanƙwashewa, kuma in ta kwana biyu sai ta ɗauki siffar sawun mai ita. Baduku ba ya tambayarka lamba. Ƙafarka ya ke dubawa, ko ya aza ta kan fata ya zana. Da irin wannan takalmi fatake suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, suka komo.

Ba mu ce dukawan da sun san ilmin ƙashi ba. Ƙafa suka bi, ita kuwa ta nuna musu hanya.

Bayan zuwan Turawa a 1903 da buɗe makarantun boko, sau-ciki ya zama alamar ma'aikaci. Akawun En'e da malamin makaranta da ɗan sanda duk an san su da shi, har ya zama wanda ya je ofis da fade a kan dube shi a ɗage. En'e ta tafi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma wannan ra'ayi bai bi ta ba. Ga shi kuwa takalmin kanti a kan gungume mai siffar ƙafa a ke ƙera shi, kuma yawanci siffar ƙafar mutanen da suka tashi cikin rufaffen takalmi ce, siririya a gaba. Ƙafar da ta girma a fade ko ba takalmi ta fi faɗi wajen yatsu. Shi ya sa mutum ya kan sami lambarsa daidai a tsawo, amma gefe na cizonsa, mai kanti ya ce masa ai zai buɗe. Sau da yawa kafin takalmin ya buɗe ƙafar ce ke tsukewa.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Mu fara da bakin takalmi. Tun 1905 wani likita a Amurka, Phil Hoffmann, ya gwada ƙafafun mutanen da ba su taɓa sa takalmi ba da na masu sawa, ya nuna na farkon yatsunsu a baje su ke, babban yatsa a miƙe. A 1958 likitoci biyu a Hong Kong, Sim-Fook da Hodgson, suka yi irin wannan gwaji tsakanin Sinawa. Cikin masu sa takalmi kashi 33 cikin 100 babban yatsansu ya karkace ya nufi 'yan'uwansa, cikin marasa sawa kuwa bai kai kashi 2 ba. Wannan karkacewa ita ke fito da ƙullutun nan a gindin babban yatsa, mai ja da zafi, wanda a kan gani ga mata da yawa. Akwai gado a cikin lamarin, gaskiya ne, wani zai sa matsattsen takalmi shekara talatin bai samu ba. Amma mai gadon abin, takalmi mai tsini shi ke gaggauta masa.

Wanda ya fi shafar malaman makaranta shi ne na ƙasar Indiya. A 1992 likitoci Rao da Joseph suka ɗauki sawun yara 2,300 'yan shekara 4 zuwa 13, suna neman masu shafaffen tafin ƙafa, watau waɗanda bakan nan nasu ya kwanta. Cikin masu sa takalmi suka sami kashi 8.6 cikin 100, cikin marasa sawa kashi 2.8. Kuma ko a cikin masu takalmin, abin ya fi yawa ga masu rufaffe, ya ragu ga masu sandal da silifa. A ƙasar Ostiriya kuma, inda ba a rasa kuɗin takalmi, an auna ƙananan yara 858 a wani bincike da aka buga a 2009, aka tarar kusan kashi 70 cikin 100 takalmin fitarsu ya yi musu gajarta, kuma gwargwadon gajartar gwargwadon karkacewar yatsa. In haka ta ke a can, mai karatu ya ƙiyasta yadda za ta kasance a gidan da yaya ke tuɓe wa ƙane, ko uba ya sayo na gwanjo da ka, ba tare da ya tafi da yaron kasuwa ba.

Sai dunduniya. Da zarar an ɗaga ta, jiki ya rinjaya gaba, dole gwiwa ta ɗan durƙusa, ƙugu ya gantsare, don kada mutum ya kifa. Wata likita a Amurka, Casey Kerrigan, ta auna mata 20 a 1998, suna tafiya ba takalmi sa'an nan da ƙwas-ƙwas mai tsawon wajen inci biyu da rabi. Ƙarfin da ke murɗa gwiwa yana danne sashenta na ciki ya ƙaru da kashi 23 cikin 100, wannan sashe kuwa nan ne guringuntsi ya fi saurin cinyewa in amosanin gaɓɓai ya kama. A 2001 ta sake gwadawa da mai faffaɗar dunduniya, wanda mata ke cewa ya fi daɗin takawa, aka tarar gwiwa ba ta sami sauƙin komai ba, tsawon shi ne magana. A Manchester kuma, a 2010, an tarar matan da suka shekara biyu ko fiye suna sa shi kusan kullum, zaren tsokar sha-raɓarsu ya gajarta da kashi 13 cikin 100, agararsu ta yi kauri ta ƙage. Irin waɗannan in sun tuɓe su kan ji zafi a bayan ƙafa, su ɗauka takalmin ne maganinsu. Malamar da ta sa shi ranar biki ba ta da abin tsoro. Wadda za ta tsaya gaban allo da shi daga safe har azahar, Litinin zuwa Jumma'a, ita muka nufa.

Na uku shi ne katifar da a ke sa wa kambas na zamani, wanda samari ke so. Wannan ya fi wuyar hukunci, don taushin nan yana da daɗi, kuma ga mai gudu kan kwalta yana rage zafin bugun farko. Amma tafin ƙafa wurin ji ne kamar tafin hannu, da shi jiki ke sanin irin ƙasar da ya taka ya gyara sawu. A 2019 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka auna mutane a Kenya da Amurka, suka tarar kantar da ke fitowa a tafin mai yawo ba takalmi, kome kaurinta, ba ta rage masa jin ƙasa. Katifa kuwa, ko da ya ke tana sassauta bugun, jimlar ƙarfin da ke haurawa ƙafa a lokacin bugun ƙaruwa ta ke yi. Tsokar cikin ƙafa kuma kamar kowace tsoka ce, in an ɗauke mata aiki sai ta yi sanyi. A Liverpool a 2021 an ba wasu mutane takalmi marar tudu, mai faɗin baki, mai lanƙwasuwa, suka yi wata shida da shi a harkokinsu na kullum, ƙarfin yatsunsu ya ƙaru da fiye da rabi. Wanda ya karanta siffar takalmin nan da a ke sayarwa da tsada a Turai, ya kan ga kamar faden kasuwar Kurmi a ke kwatanta masa.

Kada A Wuce Gona Da Iri

Kada wani ya karanta wannan ya ce jarida ta ce a yar da takalmi. Lungunan da ke gindin Goron Dutse a yau ba turbar fatake ba ce. Akwai kwalba fasasshiya da ƙusa da gwangwani, da damina ga ruwan kwata. Tsutsar nan mai shan jini a hanji, mai sa yaro ya ɗashe ya kasa karatu, ta fatar ƙafa ta ke shiga daga ƙasar da aka ɓata da bayan gida. Manomi a gona yana da kububuwa da kunama. Mai ciwon sukari kuwa, wanda jin ƙafarsa ya ragu, ko a tsakar gida bai kamata ya taka ƙasa ba takalmi ba, don ƙaya ɗaya na iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Shi nasa takalmi rufaffe ne mai yalwa da laushin ciki, kuma ya zura hannu ya laluba kafin ya sa.

Haka nan ƙafar da ta shekara ashirin cikin sau-ciki ba a sake ta rana ɗaya. A Amurka a 2013 an sa masu gudu 19 su koma siririn takalmi cikin mako 10, aka duba da na'ura aka ga alamar rauni a ƙashin ƙafar 10 daga cikinsu. Ga wanda amosanin gwiwa ya riga ya kama kuma, maganar ba ta tafi yadda a ke zato ba. Awon da aka yi a Chicago a 2006 ya nuna tafiya ba takalmi na rage nauyin gwiwarsu da wajen kashi 12 cikin 100, sai kowa ya ɗauka shimfiɗaɗɗen takalmi mai laushi shi ne nasu. Amma da aka gwada a Melbourne ta Ostireliya da majinyata 164 har wata shida, aka buga sakamakon a 2021, masu takalmi mai ƙarfi da ke tallafe ƙafa su suka fi samun sauƙin ciwo. Saboda haka dattijo mai ciwon gwiwa kada ya yi wa kansa hukunci da abin da ya dace da jikansa. Ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa, tun 1959 a ke aiki a cikinsa.

Ita ma silifar roba, wadda ta kori fade daga ƙafar talaka saboda arha, ba gadon fade ta ci ba. Ba ta kama ƙafa, sai yatsu su riƙa ƙanƙame ta kada ta fita, alhali lokacin nan ne ya kamata su miƙe. Sawu ya kan gajarta, mutum ya riƙa jan ƙafa. In dunduniyarta ta cinye ta gefe ɗaya, kowane taki a karkace zai sauka. Ta alwala ce da banɗaki da tsakar gida.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada tamu da masu ƙera takalmi a ƙasashen waje ba su lissafa da ita ba. Bahaushe yana tuɓe takalmi sau da yawa a yini: a ƙofar masallaci sau biyar, a zaure, a gaban manya, a bakin tabarma. Wannan alheri ne ga ƙafa, tana shan iska, kuma sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa yatsu yadda ya kamata. Da yawa ma a wurin salla su ke fara gane babban yatsansu ya soma ƙagewa. Amma ita ce kuma ke sa a take bayan sau-ciki a mai da shi silifa, don gudun kwance igiya. Wanda ya yi haka ya haɗa matsin wancan da sakacin wannan. Gara tun farko ya nemi sandal mai maɗauri a baya, mai saurin kwancewa. A kuma bari ƙafa ta bushe bayan alwala kafin a zura ta cikin rufaffen takalmin roba, don damshin nan shi ke kawo ƙaiƙayi da tsagewa tsakanin yatsu.

Ga Shugabannin Makarantu

Ra'ayinmu shi ne, dokar da ta ce sai rufaffen takalmi a firamare ba ta da hujja ta wajen lafiya a ƙasa mai zafi irin tamu, kuma tana tura iyaye marasa hali ga gwanjon da ƙafar wani ta riga ta karkatar. Sandal na fata mai maɗauri a baya, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da faɗin baki, ya isa kayan makaranta. Inda hukumar makaranta ta nace sai sau-ciki, to, a ƙalla a daina dukan yaron da ya tuɓe shi a aji. Wataƙila ba taurin kai ba ne, cizonsa ya ke yi.

Awon kuwa ba ya bukatar kuɗi, kuma darasin lissafi ne mai kyau ga 'yan aji huɗu. Farkon kowane zango yaro ya tsaya, a tsaye ba a zaune ba, kan takardar kwali, ɗan'uwansa ya zana ƙafafunsa duka biyu, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. A ƙara rabin inci a gaban yatsan da ya fi tsawo, a yanke, a zura cikin takalmin. In kwalin ya naɗe a baki ko a gefe, takalmin ya yi kaɗan. Sa'an nan a kama takalmin a lanƙwasa, a ga ko ya karye wajen gindin yatsu. In a tsakiya ya karye, ko ya ƙi sam, ba na yaro ba ne. Lambar da ke ƙasan takalmi kada a dogara da ita, don ta Ingila tana hawa da sulusin inci, ta Faransa da kashi biyu cikin uku na santimita, kuma ba wadda ta faɗi faɗin ƙafa.

Kwalin nan yaro ya kai wa ubansa. In za a sayo a kanti a tafi da shi, kuma da la'asar, don ƙafa ta kan ɗan kumbura in yini ya yi nisa. In kuwa za a bayar a ɗinka ne, masu sana'ar takalmi na Ƙofar Wambai da dukawan Kurmi suna nan, kuma sun iya yanka fata a kan zane. Makarantar da ta tara kwalayen aji guda ta kai wa baduku ɗaya, za ta sami ragi a kan kuɗin.